DILA A BAKIN GARKE: KAFIN MU ƊAUKI BINDIGA KO MU ZUBA GUBA

 A wannan fitowa mun ajiye maganar farashi da harajin kara a gefe guda, domin akwai wata magana da ta dame mu a nan Kolofata, kuma mun san ta dami 'yan uwanmu na Kerawa da Tolkomari da Mora, har zuwa Marwa da Garwa. Maganar dila ce, da yayarsa kura, da abin da ya kamata mutum ya yi idan sun saba da bakin garkensa.

Wani zai ce, to Alhaji, ku masu harkar bijimai, ina ruwanku da dilan da bai fi ɗan kare girma ba? Amsa ita ce, babu falken da ya fara da bijimi. Kowannenmu da akuya ko tunkiya ya soma. Har gobe kuma akuya ita ce asusun mace a ƙasar nan, da ita ake biyan kuɗin magani, da ita ake haɗa kayan ɗakin yarinya, da ita ake yin suna. Wanda ya rasa 'yan awaki uku a wata ɗaya, a wurinsa daidai yake da ɗayanmu ya rasa saniya a hanyar Bogo.

ABIN DA YA FARU A UNGUWARMU

A cikin ɗarin da ya wuce, lokacin da masakwa ta fara fid da kai, gidaje huɗu na bakin gari a unguwarmu suka rasa 'yan awaki da 'yan tumaki bakwai cikin mako uku, ban da kaji da zabi. A cikinsu har da 'yar akuyar da kakar 'yar autarmu ta ba ta, wadda yarinyar ke ba dusa da hannunta kullum safe kafin ta tafi makaranta. Mun sha yin asara a kasuwa, amma kukan da yarinyar nan ta yi ran nan ya fi mana ciwo.

Samari suka taru a ƙofar gidan bulama, kowa na cewa a fita farauta a share dajin gaba ɗaya. Kafin a tsai da magana, sai wani, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, ya riga kowa. Ya sami mushen jaki ya zuba masa maganin feshin gona, ya yar a bakin gonakin masakwa. Gari na wayewa aka tarar da dila biyu a mace. To amma ba su kaɗai ba. Ga ungulaye a zube kamar an shanya tsummoki, ga karnuka uku, cikinsu har da namu, baƙin kare mai farin ƙirji wanda ya shekara biyar yana kwana a bakin turkenmu, ga kyanwar maƙwabta wadda ta lashi aman ɗaya daga cikin karnukan.

Da a ce ɓarnar ta tsaya, da sai mu ce an yi asara amma an huta. Ina! Wata biyu ba su cika ba aka koma ɗaukar 'yan awaki, wannan karon ma har cikin shinge, tun da karnukan da ke yin haushi sun mutu. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Daga nan ne muka nemi wani tsohon maharbi da ya yi zamaninsa a bakin dajin Waza. Ya zo da sandarsa, ya ƙi zama a tabarma, ya ce a kai shi inda aka yi ɓarnar. Ya daɗe a tsugune yana duban ƙasa, sa'an nan ya ɗago ya ce, "Alhaji, ɓarayinku uku ne, amma kun yi wa ɗaya shari'a, shi ma ba ainihin mai laifin kuka kashe ba."

Muka ce, "Baba, yi mana bayani."

Ya ce, "Wannan sawun na dila ne, miji da mata, suna da 'ya'ya a wani rami nan kusa. Wancan na karnukan gari ne marasa ubangida. Wannan igiya kuwa, duba bakinta. Dila ba ya yawo da wuƙa."

A DUBA MUSHE KAFIN A YANKE HUKUNCI

Abin da tsohon nan ya koya mana ran nan, mun tarar likitocin dabbobi ma haka suke faɗa, don haka bari mu shimfiɗa shi filla-filla.

Dila yakan kama ɗan akuya ko ɗan tunkiya ne a maƙogwaro. In ka feɗe fatar wuyan za ka ga ƙananan huji na fiƙa, kusa da juna. Yakan buɗe ciki ta kwiɓi, ya ci hanta da kayan ciki da nama mai laushi, ya bar fata da manyan ƙasusuwa. Guda ɗaya yake ɗauka a dare, ba ya ɓarna don wasa.

Kura kuwa ba ta barin shaida da yawa. Tana tauna ƙashi kamar rake, takan ja dabbar ta tafi da ita, sai dai ka ga jan ƙasa da ɗan guntun ƙaho ko kofato. Sawun ƙafarta ta gaba ya fi na baya girma, kashinta kuma idan ya bushe fari ne fat saboda ƙashin da take ci. Ita ce mai iya taɓa jaki da maraƙi.

Karnukan gari aikinsu daban ne. Cizo ko'ina, a cinya, a kunne, a bindi, dabba uku ko huɗu da rauni a dare ɗaya, naman da aka ci kuwa kaɗan. Duk inda ka ga haka, kada ka wahalar da kanka zuwa daji, mai laifin yana kwance a bayan kwata.

Sai kuma ɓarawo ɗan Adam. Babu jini, babu gashi a ƙaya, sai igiya a yanke ko a kwance. Sau nawa aka ɗora wa kura laifi alhali akuyar tana kasuwar wani gari? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wata dabara kuma da ta fi duka amfani lokacin haihuwa. Sau da yawa dila ba kashewa ya yi ba, matacce ya tarar. In dabba tana da rai lokacin da aka cije ta, za ka ga jini ya taru ya yi baƙi a ƙarƙashin fata inda haƙori ya shiga. In babu wannan jinin, mushe aka ci. Ɗan akuyar da aka haifa a mace, kofatonsa na nan da laushinsa bai taɓa taka ƙasa ba, cikinsa kuma babu nono. Wannan ba aikin bindiga ba ne, aikin likitan dabbobi ne, domin akwai cutar da ke sa awaki ɓari.

WANE NE DILA?

Ba banza iyayenmu suka ce masa malamin daji ba. Nauyinsa bai cika wuce kilo 15 ba, amma wayonsa ya fi ƙarfinsa. Miji da mata suke zama, su riƙe yanki ɗaya, su yi masa iyaka da fitsari da kukan dare, su kori duk wani baƙon dila da ya shigo. Macen takan ɗauki ciki wajen wata biyu, ta haihu a rami, sau da yawa tsohon ramin wata dabba ko gindin suri. Abincinsa na yau da kullum ɓeraye ne, da gafiya, da fāra, da ƙadangaru, da 'ya'yan magarya da aduwa, da mushe. Mai gonar masakwa da mai rumbu su san cewa dilan da ke cin ɓera ma'aikacinsu ne wanda ba sa biya.

A shekarar 2015 masana suka binciki jinin dilan nan mai ruwan ƙasa na ƙasashenmu, suka gano ashe ba iri ɗaya ne da dilan Indiya da na Turai ba, ya fi kusa da kyarkecin ƙasashen sanyi da kuma wata dabba ta Amurka da ake kira koyoti. Mu riƙe wannan suna, za mu komo kansa.

Abin lura shi ne ba kowane dila ke taɓa dabbar gida ba. Akasari ma'aurata ne masu 'ya'ya a rami, waɗanda bakin ciyarwa ya yi musu yawa, sa'an nan suka sami ƙofa a buɗe. Wanda ya ɗanɗana sau ɗaya kuwa ya koyi hanya, kuma zai koya wa 'ya'yansa.

ME YA KAWO SU BAKIN GARI?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tun daga harin da aka kawo Kolofata ranar 27 ga Yuli 2014, da wanda ya biyo baya a Janairun 2015, ƙauyuka da yawa na bakin iyaka suka watse, mutane suka taru a cikin gari da 'yan dabbobinsu. Gonakin da aka bari suka koma kurmi. Inda da ake noma dawa da auduga da albasa, yanzu ƙaya ce da sabara har bayan gidaje. Dabbobi sun cunkushe a wuri ɗaya, maɓoya kuma ta matso kusa. Me dila ke nema da ya wuce wannan?

Na biyu, hannunmu. A kara, in dabba ta mutu, sai a ja ta a yar a bayan kasuwa. A kwata, tumbi da jini da ƙasusuwa a zube a fili. Bayan Babbar Salla, kowace bola cike da ƙafafu da fatu. Mu ne muke kiran baƙi da abinci, sa'an nan mu yi mamaki sun leƙa ɗakin girki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, daji kansa ya talauce. Dajin Waza, mai faɗin hekta 170,000, wanda aka keɓe tun 1934 aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1968, ya yi fama da ƙarancin ruwa bayan gina madatsar Maga a 1979, namun daji masu cin ciyawa suka ragu ƙwarai. Namun da ke cin nama in sun rasa na daji, na gida suke juyowa. 'Yan uwanmu masu kai shanu fadamun Lagon da rani sun fi kowa sanin wannan. Ramuwar gayya kuma ta ci zakunan wurin: an ƙiyasta su tsakanin 40 da 60 a 2002, amma zuwa 2008 ƙidaya ta nuna tsakanin 14 da 21. Zaki yana ƙarewa da kisa, domin haihuwarsa kaɗan ce. Dila kuwa ba haka yake ba, ga hujja.

WAƊANDA SUKA FI MU BINDIGA SUN GWADA

Koyotin nan da muka ambata, shi ne dilan Amurka. Yana ɗaukar 'yan tumaki a gona, yana shiga bayan gidaje ya ɗauki kyanwa da ƙananan karnuka. Tun 1931 gwamnatin ƙasar ta kafa dokar yaƙi da shi. An bi shi da tarko, da guba, da karnuka, har da jirgin sama. Gubar ta kashe gaggafa da wasu namun da ba su ji ba su gani ba, har Shugaba Nixon ya hana zuba ta a filayen gwamnati a 1972. Daga 2010 zuwa 2023 ma'aikatan gwamnati kaɗai suna kashe fiye da 50,000 kowace shekara. Sakamakon fa? Dabbar da asalinta ta filayen yamma ce, yau tana nan daga Alaska har Panama, tana yawo cikin manyan birane irin su Shikago.

Masanansu sun gano dalili. In aka rage su, abinci ya yalwata ga waɗanda suka saura, sai mata su haifi 'ya'ya da yawa, ƙanana ma su fara haihuwa da wuri. In aka kashe ma'auratan da ke riƙe da yanki, sai baƙi su kwararo su cike gurbin cikin 'yan makonni. A wata gonar tumaki ta Jami'ar Kalifoniya da ke Hopland, binciken shekarun 1990 ya nuna mafi yawan ɓarnar manyan ma'aurata masu riƙe da yankin ne ke yin ta, kisan sauran na gefe kuwa bai rage asara ba.

A Afirka ta Kudu ma an yi haka. Wata ƙungiyar farauta mai suna Oranjejag ta yi aiki daga 1966 zuwa 1993, ta kashe dabbobi sama da 80,000, mafi yawansu wata irin yanyawa ce, ba dilan da ake nema ba. Har yau masu tumakin ƙasar da dila suke fama.

To jama'a, in masu jirgin sama sun kasa ƙarar da shi, mu da bindigar toka da fitilar hannu za mu iya? Abin da za mu iya shi ne mu kawar da wanda ya saba, mu rufe ƙofar da ya shigo ta ita.

GUBA BA TA DA IDO

A kan guba kam ba mu da sassauci. Ba ta san dila ba, ba ta san kare ba, ba ta san yaron da ya tsinci matacciyar zabuwa ya kai gida ba. Ruwan sama kuma yakan wanke ta zuwa tafkin da shanunmu ke sha.

Mu dubi ungulu. Da can, in saniya ta faɗi da hantsi, kafin la'asar sai ƙashi. Yau sai mushe ya kwana uku yana wari. A 2015 hukumar kare halittu ta duniya ta sa ungulun nan ta kwata cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A Gine-Bisau, a 2020, guba ta kashe fiye da 2,000. A Indiya kuwa maganin ciwon jiki na shanu mai suna diclofenac ne ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu, sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi. Da ungulu ta tafi, mushe ya koma hannun karnukan titi, suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya zama abin tsoro. Wanda ya kashe ungulu a Kolofata ya ƙara wa dila da kare abinci ne. Wato gubar da aka zuba don a rage su, ita ce ke ƙara su.

Abin da muka karanta a Islamiyya shi ne, an halatta kashe dabbar da ke cutarwa, amma an hana azabtarwa, an kuma hana mutum ya kawar da cutarsa ta hanyar cutar da maƙwabcinsa. Kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Wanda ya ga yadda karenmu ya mutu ran nan, yana birgima kumfa na fita, ba zai ce wannan kisa ne na mai tsoron Allah ba.

DOKA, DA HALIN DA DARE KE CIKI

Dokar daji da namun daji ta Kamaru ta 20 ga Janairu 1994 ta raba namun daji aji uku, A da B da C, zaki yana ajin A wanda aka fi tsarewa. Ta hana farautar dare da fitila, ta hana guba, ta hana farauta da wuta. Ta yarda mutum ya kare kansa da dabbobinsa da gonarsa a lokacin da haɗarin ke kansa, da sharaɗin ya kai rahoto ga ma'aikacin gandun daji mafi kusa cikin awa 72. Ta kuma ba hukuma ikon shirya farautar dabbar da ta addabi jama'a. A watan Yuli 2024 aka yi sabuwar doka ta maye gurbinta, saboda haka duk mai niyyar wani abu ya fara zuwa ofishin gandun daji a Mora ya ji sharuɗɗan yau daga bakinsu. Riƙe bindiga ba takarda kuma laifi ne mai kai mutum kurkuku a ƙarƙashin dokar makamai ta Disamba 2016.

Ko da babu doka, hankali ya isa. A ƙasar da soja ke sintiri, 'yan banga ke gadi a kowace kusurwa, wane mai hankali ne zai tura ɗansa bayan gari da tsakar dare da bindiga da fitila? Wa zai tsaya ya tambaye shi dila yake nema? Ɗan akuya ana sayen wani a kasuwa. Ɗan mutum fa?

Ga yadda muka yi namu. Muka sanar da bulama, bulama ya sanar da lawan, aka kai magana ga ma'aikatan gandun daji da jandarmomi, aka gaya wa 'yan banga rana da wuri. Da hantsi, ido na ganin ido, tsohon nan ya bi sawu har gindin wani suri a gonar da aka bari tun shekarun tashin hankali. Mutum ɗaya mai takardar bindiga ya tsaya, aka kawar da ma'auratan nan biyu, aka tone ramin, aka sare ƙayar wurin. Ba a taɓa sauran dilolin da ke cin ɓerayensu can nesa ba. Karnukan kwata kuma aka zauna da sarkin fawa a kansu. Mai wuƙa kuwa, wannan shari'ar ta bulama ce.

ABIN DA YA YI MANA AIKI

Kashe ma'auratan nan hutu ne na ɗan lokaci, mun san wasu za su zo. Abin da ya tsai da asara shi ne gyaran gida.

Na farko, shinge. Ƙayar magarya da aduwa da farar ƙaya, a jera ta da kauri, gindin reshe na duban ciki, tsawonta ya wuce kan mutum in akwai kura a wurin. Dila ta ƙasa yake shiga, don haka a danne gindin shinge da duwatsu ko a binne waya. Ƙofa ita ce rabin shinge. Gara tsohon kwano da aka kafa da kyau da reshen ƙaya da ake jawowa. Mai hali ya dasa dashi ko aguwa a kewaye, su zama shinge mai rai da ba ya ruɓewa.

Na biyu, masu ciki da masu jego. Akuyar da ta kusa haihuwa kada ta bi garke zuwa daji. 'Ya'ya su kwana a ɗaki mai rufi har su yi wata biyu ko uku. Kaji su shiga akurki kafin magariba, a toshe bakinsa da dutse mai nauyi.

Na uku, lokaci. Dila da asuba da almuru yake aiki. A bar rana ta fito kafin a saki ƙanana, a dawo da su tun da sauran haske. Kuma a daina ba yaro ɗan shekara bakwai awaki talatin shi kaɗai, wannan ba kiwo ba ne, ba kura ajiyar nama ne.

Na huɗu, kare. Ba karen da ke yawon bola ba, wanda aka raina tun yana ɗan kwikwiyo a cikin awaki, ake ba shi tuwo a bakin turke, har ya ɗauki garken danginsa. A Namibiya tun 1994 ake raba wa makiyaya manyan karnukan gadi irin na ƙasar Turkiyya saboda wannan aiki, kuma masu su da yawa sun shaida asararsu ta ragu ƙwarai. Namu na gida ma yana iyawa in ya ƙoshi. Jaka mai ɗa ita ma ba ta ƙaunar ganin dila kusa.

Na biyar, haske. A Kenya wani yaro ɗan makiyaya mai suna Richard Turere ya haɗa fitilu masu walƙiya a kewayen garken mahaifinsa kusa da Nairobi, zakuna suka daina zuwa don suna zaton mutum ne ke yawo da tocila. Fitilun sola sun cika kasuwar Mora. Sai dai a riƙa canza musu wuri, malamin daji ba ya daɗewa bai gane wasa ba.

Na shida, mushe. A haƙa rami mai zurfi a binne, a danne da duwatsu. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe ta, kada a bar wa kare, ana tsoron ciwon saifa, a kira likitan dabbobi nan take.

HAUKAN KARE

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo wannan. Dilan da ya shigo gari da rana tsaka ba ya tsoron mutane, yana dalala ko yana tangaɗi, kada yara su bi shi da jifa, mai yiwuwa haukan kare ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, yara kuma su ne da yawa a ciki. In ta bayyana a jikin mutum babu magani. Amma in aka yi sauri ana tsira. A wanke ciwon da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar, a Kolofata ko Mora, a karɓi allura har a gama. Kada a tsaya ɗaura gashin kare a ciwo. Karnukan gida kuma a kai su ofishin dabbobi a yi musu rigakafi. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan yanke. Mu da muka ga yadda allura ta kawar da bushiya daga duniya a 2011, bayan abin da ta yi wa shanun iyayenmu a 1983, ba ma buƙatar a yi mana dogon wa'azi.

ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon shugabanni su sa maganar nan a zama mai zuwa. A haƙa ramin mushe guda a bayan kara, wani a bayan kwata, a ware ɗan abin da za a ba mai kula da su daga kuɗin ƙungiya. Sakatare ya buɗe littafi, duk wanda aka yi wa ɓarna ya zo a rubuta rana da wuri da irin alamar da aka gani, domin in mun je gaban hukuma mu je da takarda. Sa'an nan a yi alkawari a gaban sarkin shanu cewa duk ɗan ƙungiyar da aka kama ya zuba guba, shi zai biya abin da ta kashe.

'Yar autarmu kuwa mun saya mata wata 'yar akuya ja a kasuwar Mora. Kullum magariba da kanta take kora ta ɗaki ta tura ƙyaure, sa'an nan ta leƙa ɗan kwikwiyon da muka ajiye a cikin awaki ta ga ko ya ci tuwonsa. Dila na nan yana kukansa can wajen gonaki, muna jinsa, muna barcinmu.

Allah Ya tsare mana dukiya da iyali, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya sa albarka a kasuwa. Wanda ke da wata dabara da ta yi masa aiki a garinsu, ya aiko wa sakatare a buga, kowa ya amfana. Wassalam.